Gangunan Bakin Kududdufi

Kifaye ne suka fara tona asirin. An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da gari ya waye masu lambu suka gangara kududdufi da bokitansu, sai suka tarar kifi ya rufe fuskar ruwa, ciki a sama, fari fat. A gaɓar gabas kuma ga wani tuli da jiya babu shi: matattun baturan mota, ƙwarangwal ɗin talabijin da kwamfuta, da ganguna shuɗɗa waɗanda aka kankare rubutun jikinsu tas. Wasu sun fashe, wani gari mai ruwan toka ya jiƙe, ya bi gangare ya shige ruwa.

Kafin Mai Sawu ya iso, unguwa ta yi shari'arta ta yanke hukunci, saura zartarwa. Haka mutane suke, in tsoro ya kama su sai sun samo wanda za su rataya wa.

"Mai Gwangwan ne! Wa ke tara tarkace a unguwar nan in ba shi ba?"

"An gan shi da asuba yana tura baro daga nan."

"To me ake jira? A kawo fetur!"

Mai Sawu ya ratsa su ya wuce. Dogo ne, ya fara furfura, kullum kansa a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. A ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi, da zubar da shara a ɓoye ta yi yawa sai hukumar kula da muhalli ta ɗauke shi aiki. Ya zaga tulin, ya tsuguna, ya tashi, ya ja tsaki. Ruwan sama ya wanke ƙasa sarai. Sawun da ya rage na tayar tifa ne mai zurfi, sai siririn layin tayar baro.

Injiniya, jami'ar hukumar da yake aiki a ƙarƙashinta, ta fito daga mota da sauri, ta ja takunkuminta ƙasa.

"Baba, ka ji labarin yarinyar?"

"Wace yarinya?"

"Jikar mai lambun can na ƙarshe. Ta biyo kakarta da sassafe, ta ga kifi na juyi a bakin ruwa, ta shiga tana kwasa a zaninta tana murna. Kafin a ankara ta faɗi tana kumfa."

Mai Sawu ya san lambun. Lambun ƙarshe na Yaya ne, yayarsa wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Yarinyar kuwa 'yar Auta ce, ɗan Yaya na ƙarshe, mai gidan buga bulo a kan hanyar makaranta. Ita ce mai tare shi a ƙofa tana cewa, "Kaka, har yau ba ka ga allurar ba?"

"Me likita ya ce?"

"Ya ce guba kala-kala ce, kowace da makarinta. In ya ba ta wanda ba shi ba, zai iya ƙarasa ta. Yana son sunan abin da ke cikin gangar. Na aika garin ɗakin gwaji, amma sai an yi kwanaki." Ta yi ƙasa da murya. "Baba, yarinyar ba ta da kwanaki. Ya ce yau ɗin nan ma sai addu'a."

Mai Sawu ya dubi gangunan da aka kankare. Wanda ya kankare ya ga rubutun, ko ya san inda suka fito. Shi ne kaɗai maganin, kuma mutanen nan na shirin ƙona wani kafin a tambaye shi.

*

Sufeton 'yan sanda ya riga su isa filin Mai Gwangwan, ya gitta motarsa a ƙofa, samari na ta zunɗe daga nesa. Mai Gwangwan na tsugune tsakanin tulin ƙarafa, gajere, baƙi wuluk da man inji, hannayensa a cikin bokitin ruwa. Duk sun saɓule. A bayansa ga baturan mota a zube, irin na bakin kududdufi sak.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, na ɗiba, ban musa ba. Amma ɗiba na yi, ban zuba ba!"

Mai Sawu ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a gabansa.

"Yaushe ka je?"

"Ana ɗauke ruwa. Na fito kewaye kamar kullum, na ga arziki a zube. Na yi sawu kamar uku, sai na ji hannuna na ci da wuta, na gudo."

"Gangunan fa? Ka ga rubutu a jikinsu?"

"Wallahi a kankare na same su. Ni ina ruwana da gari? Ƙarfe nake nema."

Mai Sawu ya ɗauki wata waya daga ƙasa, ya lanƙwasa ta, jan ƙarfe ya leƙo.

"In kai ne da tulin can, me za ka yi da shi?"

Duk da zogin da yake ji sai da Mai Gwangwan ya yi dariya.

"Baba, ka taɓa ganin mahauci ya zubar da tsoka? Darmar da ke cikin baturan nan, da jan ƙarfen da ke cikin talabijin ɗin nan, ai ko uwata ce ta ce in zubar sai mun yi rigima. Wanda ya zubar da wannan ba ɗan sana'a ba ne, mai gudun wani abu ne."

Mai Sawu ya miƙe. Ya yarda da shi, amma yardarsa ba ta kashe wutar fetur. Ya roƙi Sufeto ya sa mutumin a mota tare da baturan, ya riƙe shi a wurinsa har zuwa la'asar.

"A matsayin mai laifi?"

"A matsayin mai rai, ranka ya daɗe. Su ɗauka ka kama shi."

*

Direban tifar da ke yawan zuwa kududdufin suka samu a tasha yana kwance a ƙarƙashin motarsa. Ya fito yana goge hannu, da jin tambayar ya hau sama.

"Sawuna ne, sai me? Yashi nake ɗiba a can tun kafin a haifi wasu. Shekaranjiya ma na je."

"Jiya fa?"

"Jiya? Ka duba ka gani." Ya nuna ƙarƙashin motar, inda giyar motar ke zube a kan buhu, an kwance ta gunduwa-gunduwa. "Tun shekaranjiya da yamma take nan kamar gawa. In da aljanu ne suka tura ta, to a tambaye su."

Mai Sawu ya leƙa. Ƙasan motar a bushe take ƙurmus, alhali ko'ina a tashar caɓi ne. Motar ba ta motsa ba tun kafin ruwa. Kuma tifa juye kaya take yi, da ta juye gangunan da duk sun tarwatse. Wannan hanya ta mutu.

A cikin mota Injiniya ta bugi sitiyari da tafin hannu.

"Na faɗa musu, Baba. Na rubuta, na tsaya a gabansu na faɗa. Shekaru ana shigo mana da sharar ƙasashen waje cikin kwantena, a rubuta kayan gwanjo a kai. Rabi kaya, rabi guba. Yanzu an yi doka, an hana shigowa, madalla. An ce daga makon nan za a bi sito-sito, duk wanda aka samu da ita ɗauri ne, kuma shi zai mai da ita inda ta fito. Na ce to, wadda ta riga ta shigo fa? A buɗe wuri guda, a ba mutane wa'adi su kawo da kansu ba tare da hukunci ba. Aka ce babu tanadin wannan, a bari sai baɗi."

"Kin rufe wa ɓera ƙofa, ba ki bar masa rami ba."

"Shi ne. Kowa na neman inda zai jefar da tasa kafin mu iso. Dokar da na yi wa wahala ce ta zubo wannan a ruwan mutane." Ta share ido da gefen mayafi, ta ƙara wuta.

Siton Mai Gwanjo shi ne mafi girma a wannan ɓarin gari, kuma shi ne na farko da za a bincika. Mutumin ya tare su da fara'a har kunne, farar rigarsa na ɗaukar ido, ƙamshin turare na tashi.

"Maraba da hukuma! Ai da kun yi waya an tanadi lemo. Ku shiga, ku duba ko'ina, mu masu bin doka ne."

Firji da talabijin a jere, kowanne an goge shi. Can ƙurya kuwa fili ne fetal, an wanke siminti da omo har yana santsi. Mai Sawu ya tsuguna. Ruwa ya wanke datti, amma bai wanke zoben tsatsa da gindin ganga ke bari a kan siminti ba. Ga su nan birjik.

"Alhaji, me ke nan da?"

"Gangunan ruwa ne na ma'aikata. Na sayar."

"Wa ya saya?"

"Haba Baba, wa ke riƙe fuskar mai sayen ganga?"

Injiniya ta matso, ta haɗa hannuwanta.

"Alhaji, ba kama ka na zo yi ba. Yarinya ce a kwance. Sunan garin kawai nake so, in faɗa wa likita."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idonsa ya yi sanyi ƙalau.

"Allah ya ba ta lafiya. Ni ban san wani gari ba."

Mai Sawu ya ji kamar ya shaƙe shi da rigar tasa. Ya san nan kayan suka fito, amma zoben tsatsa ba ya magana a gaban alƙali, kuma irin su Alhaji ba sa ɗaukar ko tsinke da hannunsu. Akwai wanda ya ɗauka masa.

*

Rana ta take tsaka lokacin da ya koma kududdufi shi kaɗai. An zagaye tulin da igiya. Gaban tulin duk an hargitsa shi, Mai Gwangwan ya tona, jama'a sun tattake. Sai ya zaga ta baya, ta cikin ciyawa mai tsawo, inda ba wanda ya shiga.

Nan ya tsaya cak.

Baturan da ke nan ba zube su aka yi ba, jera su aka yi. Biyu a miƙe, biyu a gicciye a kansu, tsakanin kowanne an bar tazarar yatsa. Gefen jerin a miƙe sambal kamar an ja igiya. A saman kowane jeri kuma an kafa guda ɗaya a tsaye, a tsakiya.

Mai zubar da shara cikin sauri, hadari na kansa, jifa yake yi ya gudu. Wannan kuwa hannunsa ya saba da jera abu mai nauyi mai kusurwa huɗu, har ya manta cewa batir ba ya bukatar iska ta ratsa shi ya bushe. Bulo ake jerawa haka. Masu bulo da yawa a gari, gaskiya ne. Amma kafa ɗaya a tsaye a sama, alamar jeri ya cika, mijin Yaya marigayi ne ke yin haka, kuma mutum ɗaya ya koya wa.

Mai Sawu ya zauna a kan ciyawar. Tun da yake bin sawu bai taɓa fatan idonsa ya yi masa ƙarya ba sai yau.

*

A barandar asibiti ya sami Auta zaune a ƙasa, ya jingina da bango, idanu jajur. Ta taga ana hango Yaya a bakin gado tana jan carbi, yarinyar kwance, an sa mata ƙarin ruwa da robar numfashi, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar.

Mai Sawu ya zauna kusa da shi.

"Ya jikin?"

"Sai addu'a, Kawu."

"Jiya da yamma ina kake?"

"Ina wurin aiki."

"Akori-kurarka fa? Ban gan ta a ƙofa ba."

"Tana wurin bakanike."

"Na biya ta gidan bulo, na ga ba kowa."

"Na sallami yara. Wa zai yi aiki yau?"

Amsa na fitowa da sauri, amma idon Auta na kan siminti. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Auta, dube ni. Likita sunan abu ɗaya yake nema. In akwai wanda ya san inda gangunan nan suka fito, ko da kuskure ya yi, ko da yaudararsa aka yi, yanzu ne lokacin. Ni da kai ne kawai a nan."

Auta ya ɗan ɗago, bai haɗa ido da shi ba.

"Kawu, an ce... na ji ana cewa garin ba shi da illa sosai. Wai taki ne da ya lalace. Ruwan da ake ƙara mata zai wanke shi."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane? Waya ka yi wa wani ya faɗa maka haka?"

Auta ya kawar da kai. Sai ga Yaya ta fito, ƙaramar tsohuwa mai kaifin harshe, ta tsaya a kansu.

"Kai, ana can ana cewa an kama ɗan gwangwan, kai kana nan kana hira? Me ya ce? Ya faɗi sunan gubar?"

"Ba shi ba ne, Yaya."

"To waye? Kai da kake gane saniya da kashinta, yau da abin ya zo gidanku sai ido ya makance? Wallahi ko waye, ko daga cikina ya fito, ban yafe ba!"

Auta ya sunkuyar da kai har ƙasa. Mai Sawu ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, har bai san wanda ya fi ba. Yaron nan tsoro ya ɗaure shi. Yana tsoron ɗauri da bakin uwarsa, ya fi kuma tsoron ya furta da kansa cewa shi ya yi wa 'yarsa haka, shi ya sa ya rungumi ƙaryar da aka ba shi. In aka matsa masa a nan zai ƙara ƙulle baki ne, kuma lokaci na tafiya.

"Da la'asar zan tara mutane a bakin kududdufi," in ji Mai Sawu. "Ya kamata wani daga gidan ya tsaya."

"Tashi ka bi kawunka," in ji Yaya. "Ka je ka kalli fuskar azzalumin, ka zo ka faɗa min."

*

Unguwa ta fito kwanta da kwarkwata. Sufeto ya kawo Mai Gwangwan da baturan da aka kwaso daga filinsa a bayan mota. Direban tifa ya zo yana ƙunƙuni. Mai Gwanjo ma ya zo, don Injiniya ta ce in bai zo ba za ta garƙame siton a yau. Yana tsaye nesa da caɓi, ya toshe hanci da hankici. Cikin samari akwai mai riƙe da jarka, bai ma ɓoye ta ba.

Mai Sawu bai yi dogon jawabi ba.

"Kafin a yi magana, a mai da kayan nan inda aka ɗebo su. Injiniya, a ba su safar hannu. Mai Gwangwan, direba, Alhaji, ku kama."

"Ni?" Mai Gwanjo ya dubi rigarsa. "Ina da ciwon baya."

"Allah ya sawwaƙe. Auta, kama musu, kai ne mai ƙarfi. Ku kai su can baya, wajen ciyawa."

Mai Gwangwan, da hannayensa naɗe da bandeji, ya rungumi batir, ya jijjiga shi ya ji nauyin darma, ya ajiye masu nauyi gefe guda, marasa nauyi gefe guda. Direba ya ja nasa a ƙasa yana zagi, ya wurgar inda ya ga dama. Auta kuwa jikinsa ne kawai a wurin, hankalinsa na kan gadon asibiti. Ya ɗauka ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Biyu a miƙe, biyu a gicciye. Ya sa yatsa ya gyara tazara, ya bubbuga gefe da tafin hannu ya daidaita. Da jerin ya kai ƙugunsa, ya ɗauki na ƙarshe ya kafa shi a tsaye a tsakiya.

Mai Sawu ya taka a hankali, ya kwantar da dogayen ciyayin da sandarsa. Tsofaffin jerin suka bayyana, kafaɗa da kafaɗa da sabon, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Wata mata ta ce, "Innalillahi." Auta ya dubi nasa, ya dubi na jiya, ya dubi hannayensa. Sai ya durƙushe a cikin caɓi.

Hayaniya ta ɓarke, mai jarka ya yo gaba. Mai Sawu ya sha gabansa, ya ɗaga sanda.

"Duk wanda ya taɓa shi ya kashe yarinyar! Da safe kun so ƙona wanda bai ji ba bai gani ba, bai ishe ku ba? Ku ja baya!"

Sufeto da yaransa suka yi katanga. Mai Sawu ya tsuguna a gaban ɗan yayarsa, ya kama kafaɗunsa.

"Ba ni da lokacin yi maka faɗa. Me aka rubuta a jikin gangunan?"

"Kawu, ban iya karanta shi ba, ba harshenmu ba ne." Kuka ya ci ƙarfinsa. "Alhaji ne ya ce in kwashe masa, zai ba ni aikin katangar sabon sitonsa. Ya ce in kankare rubutun, in zuba a rami. Ya ce taki ne. Yau da safe na kira shi, ya ce in na buɗe baki ni kaɗai zan tafi gidan yari."

"Ƙarya yake yi! Ban san shi ba!" in ji Mai Gwanjo, yana ja da baya wajen motarsa. Ciwon bayan ya warke. Sufeto ya riƙo hannun farar rigar.

"Duka ka kankare?" in ji Injiniya. "Auta, tuna da kyau. Duka?"

Auta ya ɗago.

"Hadari ya taso ban gama ba. Sauran suna gidan bulo, na jera bulo na rufe su. Ban taɓa rubutunsu ba."

*

Mutanen da suka zo da fetur su ne suka rushe jerin bulon da hannuwansu, Mai Gwangwan na cikinsu da bandejinsa. Shuɗin ganga ya leƙo. Injiniya ta goge ƙurar siminti da mayafinta, ga hoton ƙoƙon kai, ga dogon suna, ga tambarin siton Mai Gwanjo da jan fenti. Tsohon maganin ƙwari ne da aka daɗe da haramtawa a ƙasar da ya fito. Ta kira likita, ta karanta masa sunan harafi bayan harafi, ta maimaita.

Ta saurara, sannan ta sauke wayar.

"Ya ce suna da makarinsa. Ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan..."

Sufeto ya tafi da mutum biyu a bayan mota, ɗaya na barazanar kiran lauya, ɗaya ya rufe fuska da hannuwa. Da motar za ta tashi Auta ya ce, "Kawu, kar ka faɗa wa Inna." Mai Sawu kuwa ya san labari ya riga shi isa wurinta.

Gab da magariba ya shiga ɗakin asibitin. An cire wa yarinyar robar numfashi. Yaya na zaune a kan benci a bakin gado, ba ta ɗago ba, ba ta amsa sallamarsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Ka san shi ne tun da ka zo ɗazu," ta ce, idonta na kan yarinyar.

"Na sani."

"Ka bar ni na yi masa baki. Ka bar ni na tura shi da kaina."

"Na roƙe shi a ɓoye, Yaya, ya kasa. Ba ni da wata hanya."

"A gaban duniya ka tsiraita min ɗa."

Gaskiya ta faɗa, kuma da za a sake, haka zai sake yi, wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Yarinyar ta motsa. Ta buɗe ido a hankali, ta dubi rufi, ta dubi kakarta, ta lashi busasshen leɓenta.

"Inna, ina Babana?"

Yaya ta juyo ta dubi ƙanenta a karo na farko, hawaye na bin tamojin fuskarta.

"Ga wanda ya san inda kowa yake nan. Shi zai faɗa miki."

Mai Sawu ya matso, ya durƙusa a bakin gadon, ya riƙe ɗan hannun da babu allura a jiki.

"Babanki ne ya nuna inda maganinki yake, shi ya sa kika tashi. Yanzu ya tafi amsa wasu tambayoyi, zai ɗan daɗe. Ni zan riƙa kai ki wurinsa."

Yarinyar ta gyaɗa kai, barci ya sake ɗaukarta. Yaya ta juyar da fuska wajen bango, kafaɗunta na rawa. Can, ba tare da ta dube shi ba, ta tattara zaninta ta matsa gefe, ta bar masa wuri a kan bencin.